Musye Janeba Ya Yi Tafinta

Duk garin Abeshe babu wanda ya kai Annur Jarma tausayin talaka. Shi da bakinsa ya gaya mana, kuma ba sau ɗaya ba. Tun ranar da babbar ƙungiyar agaji ta duniya ta ɗauke shi aiki a ofishinmu, bawan Allah bai sake hutawa ba. Yunwar Afirka kaf a wuyansa take, ga kuma katin aiki da ya rataya a kai, wanda ko alwala zai yi ba ya cirewa.

A takarda, aikinsa raba wa direbobi motoci. Ni direba ne, na sani. Amma in ka same shi wajen mai shayi, cikin falmaransa mai aljihu goma sha biyu, rediyon oba-oba na ƙara a ƙugunsa, sai ka rantse shi ke ba ruwan sama izinin sauka.

"Janeba ta damu ƙwarai," in ji shi, yana kaɗa kai. "Jiya ma mun tattauna da hedkwata."

Janeba dai birnin da hedkwatar ƙungiyar take ne, can ƙasar Turawa. Shi kuwa iyakar tafiyarsa a duniya Njamena ce, ita ma jinyar haƙori ta kai shi. Mu dai muka raɗa masa Musye Janeba, wato Malam Janeba, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Adalcinsa ba ya duba dangi. Gwaggonsa da ta goya shi ta zo neman tamfol, ruwa ya ci rufin ɗakinta.

"Gwaggo, ki rubuto buƙatarki. Kwamiti zai zauna."

Ana nan sai ga Madam Helga daga hedkwatar gaske. Akwai babbar kujera a Njamena, ana neman mai jin yaren 'yan gudun hijira. Annur ya riga ya rubuta cewa yana jin harsuna shida, har da Masalit. Gaskiyar magana, gaisuwa ɗaya ya iya, wajen mai sayar da gyaɗa ya tsince ta.

Ni na kai su sansani. Da muka kusa, ya sunkuyo kunnena.

"Outman, ta ina ake shiga?"

Shekararsa uku yana ceton mutanen, ranar ya fara ganinsu.

Mata suka taru a rumfa. Suka tura wata tsohuwa, Nafisa Arbab, ta yi magana a madadinsu. Annur ya gyara falmara, ya sakar mata gaisuwar gyaɗa. Tsohuwa ta yi murna ta samu ɗan gida. Ta ɓarke da Masalit, tana nuna famfo, tana nuna jarkoki a jere, tana buga cinya. Gumi ya keto wa tafinta. Amma jarumi ba ya ja da baya.

"Madam, ta ce suna godiya," ya faɗa da Turancinsa. "Ta ce ruwa har ya yi musu yawa. Ta ce akwai wani Annur, ba ta san shi ba, amma kullum suna sa shi a addu'a."

Ya sunkuyar da kai don kunya, irin ta salihai.

Tsohuwa ta dube shi ta ce da Larabci, "Ɗana, ka gama?"

Sai ta juya wajen Madam, ta saki Turanci garau, wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba. Ashe shekara ashirin ta yi tana koyar da shi a makarantar 'yan mata a garinsu Junaina kafin yaƙi ya koro su.

"Cewa na yi famfonmu wata biyu ke nan da mutuwa. Yara na shan ruwan kwari, gudawa ta kwantar da su. Motar masu gyara ba ta zo ba. An ce mai raba motoci ya aike ta jigilar kujerun bikin abokinsa."

Madam ta buɗe littafinta.

"Wane ne mai raba motoci?"

Karo na farko a rayuwarsa, Annur bai ce "ni ne" ba. Ni ya nuna. Na ɗaga mukullin mota sama, Madam kuwa ta karanta abin da ke rubuce a katin da ke ƙirjinsa.

Ba a kore shi ba, ƙungiyarmu ta jinƙai ce. Kwana uku aka gyara famfo, aka ɗauki Nafisa tafinta, shi kuma aka kai shi sansani ya riƙa tsare layin masu ɗibar ruwa. A gari ya baza cewa Janeba ta naɗa shi Shugaban Ruwa na Gabas.

Da na kai kaya makon jiya, ya tare ni da fara'a.

"Outman, mutanen nan suna ƙaunata! Duk macen da ta iso famfo sai ta yi mini kirari da yarensu."

Ya maimaita mini kirarin, har da lumshe ido. Na tambayi Nafisa ma'anarsa.

Ta ce, "Kauce, ka tare mana hanya."