Rasuwar Littafin Bushiya Mai Jan Wando

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, ni Meram ta unguwar Hausari a Potiskum nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar littafin 'yata Kellu, wanda aka fi sani da Bushiya Mai Jan Wando. Ya rasu a gindin darbejiyar bayan gidanmu, bayan doguwar jinya a cikin ƙasa.

Marigayin ya shigo gidanmu ne ta hannun maƙwabciyarmu Malama Doosuur, ranar da ta ɗaure kayanta za ta koma garinsu saboda harbe-harbe sun yi yawa. Da Turanci aka rubuta shi, ni kuwa ban yi boko ba, amma bai taɓa yi mini gori ba. Hotunansa nake bi ina ƙara nawa: bushiya ta hau bunsuru, za su je ceto 'ya'yan zabuwa daga hannun kura. Yau in ce a ƙwarya suka ƙetare kogi, gobe in ce a kwalekwale, bai taɓa ƙaryata ni a gaban yarinya ba.

Babban alherinsa kuwa a kan Kellu ne. Tun ranar da aka yi harbi a bakin layinmu tana tsaye a ƙofa tana kallo, bakinta ya rufe. Mun je asibiti, ta sha rubutu, an yi tofi, shiru. Amma da an buɗe littafin nan an kai shafin bunsuru, sai ka ji "mee" siririya ta fito. A shafin zakara ta ce "kukuruku". Daf da ciwon ajalinsa har ta fara ɗora yatsa tana cewa "kura". Ranar na shiga ɗaki na yi kuka son raina.

Ciwon ajalin sunansa Babaji, ƙanin mijina. A teburin mai shayi ya jiyo cewa yaran nan masu bindiga suna bi gida-gida suna neman littattafan boko. Ƙato guda mai gemu har ƙirji, hoton bushiya da wando ya hana shi sukuni. Ya bari sai da na tafi suna a Ngojin, ya naɗe marigayin a takardar buhun siminti ya binne. Ga leda nan rataye a madafi, amma shi takarda ya zaɓa, wato ya kai wa gara tuwo har da miya. Sannan ya hau mota ya tafi Bauchi da bakinsa a rufe.

Damina guda Kellu tana ɗaga katifa tana leƙa tukwane. Masu neman littafin ba su taɓa zuwa ba, ko tambayar hanyar gidanmu ba su yi ba. Da jarumin ya dawo ya faɗi gaskiya, ya manta wurin, sai da ya mayar mana da filin bayan gidanmu kamar gonar dankali kafin a ga gawa.

Marigayin ya bar bango ɗaya, da ƙafar bunsuru ta baya, da rabin jan wando babu mai shi. Ya bar kura lafiya lau, gara ba ta taɓa mata ko kunne ba. Ya kuma bar Kellu, wadda ta juya ragowar a tafin hannunta, ta buɗe baki, ta mayar ta rufe.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a inda ya yi jinya. Ba a buƙatar masu haƙa, ramuka sun wadata. Babaji ne zai riƙe shebur, tunda ya ƙware, daga nan ya zauna a rana babu tabarma ya karɓi gaisuwar maza. Ban yafe masa ba, kuma kada dattijon da ya zo ya ɓata yawunsa a kan haka.

Mata su shigo ciki su same ni. Wadda ta zo ta gaishe ni ta nemi wuri ta zauna. Kada ta durƙusa gaban Kellu tana lallashinta ta amsa gaisuwa. Mai sa ta amsawa shi za mu binne.