Rasuwar Hanyar da Nake Bi in Ɗauko Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ni na daina jin nauyinsa, nake sanar da rasuwar hanyar da ta haɗa garinmu da garin mahaifiyata. Ta cika ranar Talata da hantsi, daidai kwalbatin tsakiya, bayan doguwar jinya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Tirela ta taka ta, shanu sun taka ta, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Maganarta ba ta wuce gwaf, gwaf a ƙarƙashin taya. Ni direban bas ne. A kanta na koyi tuƙi, a kanta kuma nake ɗauko Inna kowane mako zuwa asibitin ido na garinmu. Likita ya ce idan aka yanke zuwa, sauran ganin nata zai tafi.

Ciwon ya fara da ramuka. Mu direbobi muka yi jinyarta da ilimin da muke da shi, wato duk inda muka ga rami, mu cike. Da bakin kwalbati ya fara zabtarewa, muka ɗauke shi rami ne shi ma. Muka danƙara masa buhunan yashi da tsofaffin tayoyi har ya toshe. Shugaban tasha ya hau ya yi tsalle, ya ce, “Wannan ko jirgi ya sauka a kai.” Babu wanda ya tambaya ta ina ruwa zai bi. Da ruwan ya zo ya tarar an rufe masa ƙofa, sai ya buɗe tasa, ya tafi da kwalta da komai.

Ta rasu ta bar mai faci da famfonsa, da mai shayi da bencinsa, da allon da har yanzu yake roƙon a rage gudu. Ta kuma bar 'yar'uwa guda, hanyar zagaye, mai cin yini cur, wadda bayan Inna ba zai iya ɗauka ba. Na kira ta a waya ina ta lissafa dabaru. Ta ce, “Bari kawai, ɗan nan. Ai na ga abin da zan gani.” Na ce to. Ban yi kuka ba, na je na wanke mota.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bakin ramin. Mutanen wancan gari su tsaya a tsallakensu, mu a namu. Ba sai an zo da shebur ba, kabarin a haƙe yake. Ƙanena zai kawo Inna a babur har gaɓa. Ina roƙon 'yan ɓangarenmu su ɗan ja da baya, su bar ni ni kaɗai a gaba da farar riga, ko za ta gane wanne ne ni.