Tsarabar Dusar Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe biyar da minti goma sha biyu na yammacin wata Juma'a ba, domin daga nan ne komai ya fara karkacewa. (Na san mintin ne saboda na rubuta shi a littafina. Ni irin mutanen nan ce.) Ina tsaye a ƙofar lab, wato ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, kula mai nauyi a hannuna, ƙofa a kulle. Ta gilashi ina hango mutumin da ke kula da ɗakin yana saka rigar sanyinsa. Ƙwanƙwasawa ɗaya ce tsakanina da shi. Na ɗaga hannu, sai na tuna ƙarfe biyar yake tashi, ƙila ma yana da yaran da zai ɗauko, na sauke hannun. Har bayan ginshiƙi na koma don kada ya gan ni ya ji nauyina. Ina kallo ya kashe fitila, ya fita ta ɗaya ƙofar, ba kuma za a sake buɗewa ba sai Litinin.

Abin da ke cikin kular dusar ƙanƙara ce, roba goma sha biyu. Kuma ba wadda ta sauko daga sama ba.

A lokacin ina digiri na biyu a London, bincikena kuma a kan ƙananan wuraren wasan zamiya ne a kan ƙanƙara, irin waɗanda ke kan tsaunukan arewacin ƙasar. Ba manyan wuraren da ake gani a talabijin ba. Ƙananan wurare ne da mutanen gari ke riƙewa da kansu, kuma yanzu sanyin ba shi da tabbas: yau dusa ta zuba, gobe ruwan sama ya wanke ta. Saboda haka wasunsu suka koma yin dusar da inji. Injin kamar ƙatuwar fanka yake. Yana zuƙo ruwa daga wani ɗan tafki, ya fesa shi sama ƙanana-ƙanana, idan iska ta yi sanyi sosai sai ya daskare kafin ya faɗo. Idan ba ta yi ba, taɓo kawai aka yi wa tsauni. Aikina shi ne in auna yadda wannan dusar ke narkewa, da abin da ke cikinta.

Wurin da na je, wani dattijo ne ke kula da injin, Bature, tsohon mai gyaran famfo da ya yi ritaya. Kwana huɗu na yi ina binsa da littafi. Duk lokacin sanyin bana, in ji shi, 'yan kwanaki kaɗan ne suka samu sanyin da ya isa a kunna injin, kuma abin da suka tara tsibi ɗaya ne da suka lulluɓe da farin tamfol kamar mara lafiya. Ranar da zan taho an fara yayyafi. Shi da kansa ya ɗaga tamfol ɗin, ya ce, "Ɗebi da yawa, yarinya. Ba na jin za mu ƙara samu bana." Bizata kuwa ba za ta kai wani lokacin sanyin ba. Robobin nan goma sha biyu su ne digirina gaba ɗaya.

To, da lab ta kulle, ina zan kai su? Sai unguwar Woolwich, gidan Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, inda nake zaune.

Gwaggo ta fi shekara ashirin a London, amma firizarta ba ta taɓa barin Kano ba. Ƙatuwa ce irin mai buɗewa ta sama, a ƙarshen kicin, cike da robobin ice cream waɗanda babu ice cream a ko ɗaya: miyar kuka, miyar taushe, tafasasshen tumatir, naman layyar bara. Na durƙusa ina jera robobina a gefe guda. Kowacce na manna mata takarda, na rubuta lamba, da ranar ɗiba, da lokaci, da gefen tsibin da na ɗebo, har da yanayin iska. Komai na rubuta, ban da "kada a taɓa".

Ina cikin haka Gwaggo ta shigo, hannunta duk garin cincin, domin washegari sunan jikarta ne, wadda 'yarta Zainab ta haifa, kuma a gidan za a yi taron mata.

"Uwata, kin dawo? Ya hanya?" (Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa ba ta faɗar sunana.) Ta leƙo ta kafaɗata, ta ɗauki roba ɗaya, ta buɗe. Fuskarta ta washe. "Kai! Dusar ƙanƙara? Ta kan dutse? Uwata, tsarabar da kika yo min ke nan?"

A nan ne ya kamata in ce a'a. Amma a daidai lokacin na tuna cewa na yi tafiyar kwana huɗu, na dawo gidan matar da ke dafa min abinci tun zuwana ƙasar nan, ko alawa ɗaya ban riƙo mata ba. Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai, na yi ɗan murmushi, na ce, "Uhm."

"Allah Ya yi miki albarka," in ji ta. Ta rufe robar a hankali kamar mai rufe kwalbar turare.

Na ce a raina gobe da safe zan yi mata bayani. Har jimlolin na tsara. Da safe kuwa gida ya cika tun ƙarfe tara, aka tura ni sayo kofuna, na dawo aka tura ni karɓo masa a Tottenham wurin wata mai yi, tafiyar da ta cinye min rabin yini tsakanin jirgi da bas. Duk hanya ina maimaita jimlolina.

Ƙarfe biyu da rabi na shigo. Takalma sun cika ƙofa, falo ya cika da mata wajen talatin, heater na aiki, turaren wuta na tashi, kowa na fifita da gefen mayafi duk da sanyin waje. A kan babbar kujera Hajiya Umma ce, kakar jaririya ta wajen uba, wadda ta taso daga Zariya musamman don sunan. Tun mako biyu Gwaggo ke shirin fita kunyarta.

A tsakiyar falon kuma ga babbar tasa ta gilashi cike da zoɓo. Gefenta Gwaggo ce tsaye da ludayi, ga robata mai lamba huɗu a buɗe.

"Wannan ba ƙanƙarar firiji ba ce," take gaya musu. "Ɗiyata ce ta hau dutse da ƙafarta ta ɗebo min. Daga sama kai tsaye, ba hannun da ya taɓa ta. Hajiya, ku da kuka zo daga gida, ku sha ku ji."

Na tsaya da kwandon masa a hannu. A ƙasan tebur na hango robobi babu komai ciki, an jera su ɗaya cikin ɗaya. Na fara ƙirga su, idona ya kasa. Na ce, "Gwaggo," amma ko ni ban ji muryata ba. Na sake cewa, "Gwaggo," wata ta miƙo hannu ta karɓi masar ta ce sannu da hanya.

Sai na ga Hajiya Umma ta ɗaga kofi, dusar na yawo a samansa ta yi ja, ta yi bisimilla.

Ni da na shekara a gidan nan maƙwabta ba su san muryata ba, ni da malamina ke cewa in ƙara ɗaga murya a ɗakin da mu biyu ne kawai, na buɗe baki na kurma ihu:

"Kar ki sha! Ruwan tafki ne! Tumaki na shiga ciki!"

Jaririya ta farka ta fasa kuka. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane na karɓe kofin daga hannun surukar Gwaggo ba. Da ma a nan na tsaya. Amma mai kunya idan bakinta ya buɗe, ba ta san inda ake rufe shi ba. Na tsaya a tsakiyar falo da kofi a hannu, na yi musu bayanin injin, da fankar, da bututun da ke zuƙo ruwa, da irin sanyin da ake buƙata. Na gaya musu tafkin ba a tace shi. Na gaya musu adadin tumakin da na ƙirga a bakinsa. (Sha tara ne. Babu wanda ya tambaye ni.) Na ƙare da cewa, "Kuma ba tsaraba ba ce, ta makaranta ce. Ban yo tsaraba ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta fi yin ƙara. Na ga Gwaggo ta ajiye ludayin a hankali.

Hajiya Umma ta dube ni sama da ƙasa. Ta gyara zaman tabaronta. Ta ce, "Yarinya, wannan kofi na uku ne."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi.

"Ni da na tashi a ƙauye muna shan rafi ɗaya da shanun Fulani," in ji Hajiya, "tumakin Turawa ne za su kayar da ni? Tumakin da ake yi wa allura? Miƙo min abina." Ban miƙa ba. Ta juya ga Gwaggo. "Hajara, ashe 'yar taku tana magana? Na zaci kurma kuka ajiye."

Nan falo ya ɓarke. Wata na cewa ita dama ta ji ɗan ƙamshin ciyawa, wata na cewa yau ta sha zoɓon injiniya. Zainab ta rungume jaririya tana dariya har da hawaye. Aka kwashe tasar aka zubar, aka kawo lemon kwalba. Ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karɓar lambar waya, domin in riƙa kira ina jin lafiyar cikinsu. (Na kira kowacce kwana uku a jere. Babu wadda ta yi ko ciwon kai. Hajiya Umma a rana ta uku ta ce in na sake kira sai ta zo ta tare a ɗakina.)

Idan darasi ake nema, ga shi: na daɗe ina zaton shiruna sauƙi ne nake yi wa mutane. Ashe tara musu aiki nake yi, su biya daga baya gaba ɗaya, a gaban surukai. Yanzu ina ƙwanƙwasa ƙofa, kuma duk abin da na sa a firiza ina rubuta masa da manyan baƙaƙe, da Hausa, cewa ba na ci ba ne.

Amma a ranar ba darasi ne a gabana ba. Da baƙi suka ragu na lallaɓa kicin na buɗe firiza. Gefen da na jera robobina wayam. Na koma falo na ƙirga waɗanda ke ƙasan tebur: biyar. Ina bakwai? Na duba kwandon shara, na duba cikin sink. Na ce, "Gwaggo, sauran fa?" Ta ci gaba da naɗe ledar cincin tana ba masu tafiya. Na sake tambaya bayan La'asar, ta ce in kai wa Hajiya Umma jakarta mota. Na tabbata fushi take yi, kuma ta isa ta yi. Na zauna a kan matakala ina tunanin dattijon nan da tamfol ɗinsa, da ruwan saman da ya riga ya cinye tsibin, da yadda zan rubuta wa malamina cewa an shanye bincikena a wurin suna.

Sai bayan Magariba, da gida ya rage daga ni sai ita, na same ta a kicin tana wanke tasar gilashin. Na durƙusa. Na ce, "Gwaggo, ki yafe min. Na kunyata ki a gaban baƙi, kuma na yi miki ƙarya." Sannan na ƙarasa: "Don Allah, sauran bakwai ɗin, an zubar ne?"

Ta ɗauraye hannu, ta goge a zaninta. Ta je ta buɗe firizar, ta fara fito da kaya: miyar kuka, tumatir, cinyar rago. Ta zura hannu har kafaɗa, can ƙasa, inda take ɓoye man shanun da ake aiko mata daga gida. Ta jawo wata jaka da aka ƙulle bakinta tam, ta ɗora min a cinya. Sanyinta ya ratsa zanina. Na kwance. Robobi bakwai, takardunsu ko gogewa ba su yi ba.

Na ɗago ina kallonta.

"Uwata," in ji ta, "shekara guda kina gidan nan, ba ki taɓa neman komai ba, ba ki taɓa cewa ga abin da ke ranki ba. Jiya na ga kin ɗauko min abu tun daga kan dutse. Kin zaci duka zan ba baƙi?"