Yadda Za Ka Sake Zana Lissafi a Ɓoye Bayan Ka Yi Furfura

Kai da ka ƙware a sana'arka, gemu ya fara fari, baya ya fara ƙorafi, kana son shiga kwas ɗin horar da malaman sana'a don ka koma koyarwa a kwaleji, matso kusa. Ni Mamuda, mazaunin bencin mai shayi a Kudan, na yi maka alkawari: bi matakan nan, za ka cike sharuɗɗan shiga ba tare da ko kazar gidanku ta sani ba. An gwada su. Yahuza mai gyaran injin ban-ruwa na Likoro ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni na ɗora shi a hanya.

1. Ji sharuɗɗan, ka yi kamar ba su taɓa ka ba

Za a nemi shaidar ka daɗe a sana'a, da gwajin koyarwa a gaban malamai, da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Na farko da na biyu ba su tayar wa Yahuza da hankali ba. Lissafin ne ya tsaya masa a wuya, don abin da ya ci a zamaninsu ba a faɗarsa a gaban yara.

Ya ce wa matar da ke ofis, "Hajiya, tun kafin a haifi ɗalibanku nake kwance inji ina ɗaurawa. Hakan ba zai tsaya a madadin lissafin ba?"

Ta ce, "Baba, da ni ce mai dokar da na ba ka. Sai dai ka sake zanawa."

A nan sai ka yi murmushi, ka ce dama wani ƙanenka kake tambayar wa. Kada ka bari a gane likita ya riga ya gaya maka bayanka ba zai ƙara jure durƙuso a kan inji ba. Yahuza ya san abu biyu ne a gabansa: ko aji, ko zaman tabarma a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Tsoron tabarmar nan ne ya hana shi sakat.

2. Yi rajista nesa da gida

Kudan ta yi kusa. Makarfi kuwa, ranar kasuwa rabin garinku na can suna cinikin rake. Tsallaka har Kurmin Kogi a ƙasar Ikara, kamar yadda na ba Yahuza shawara. Masana sun tabbatar mutum ba ya jin kunya a inda ba a san shi ba. Kada ka tsaya tunanin cewa mai gyaran inji ba shi da inda ba a san shi ba, irin wannan tunanin yana ɓata shiri.

3. Tanadi dalilin tafiya

Mutum mai iyali ba ya hawa babur haka kawai, sai an tambaye shi ina zuwa. Ka ce aiki ne ya kira ka. Yahuza ya gaya wa duk wanda ya gaisa da shi cewa ranar kaza zai je Kurmin Kogi duba injunan ban-ruwa. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa wajen mai faci, ya ƙara faɗa wajen ɗaurin aure don magana ta zauna da gindinta. Ta kuwa zauna, har ta riga shi isa can.

4. Kada ka tambayi kowa, musamman 'yar farinka

Sayi littafi da ɗan gwangwanin rula da kamfas, ka cusa su cikin jakar sifanu. Ba mai buɗe jakar sifanu. In ban da uwargida, mai neman almakashi.

A lokacin Lubna, 'yar farin Yahuza, tana gida wankan jego, kuma malamar lissafi ce a wata sakandare. Na san abin da ke ranka, cire shi. Yarinyar da ko sunanta ba ka iya kamawa, sai dai ka ce "waccan", ita za ka zauna a gabanta ka ce ba ka gane ba? Yahuza bai yi ba, kuma na yaba masa. Kullum bayan la'asar yakan zauna a bayan zana, inji a gaba, littafi a ƙarƙashin tsumma, yana hararar shafi, shafi na hararar sa.

Sai wata yamma ya ji muryarta daga tsakar gida, tana yi wa jaririnta magana da ƙarfi fiye da yadda jariri ke buƙata.

"Ukasha, saurara da kyau. In lamba ta tsallaka alamar daidai, tarawa takan koma ɗebewa. Ka gane? To bari in sake, na ga kamar ba ka gane ba."

Ukasha ko wuyansa bai tsaya ba. Amma kullum sai an ba shi darasi, kuma abin mamaki, daidai shafin da Yahuza ya maƙale. In Yahuza ya yi gyaran murya, sai a maimaita wa Ukasha. In ya buga sifana a jikin inji, sai a wuce gaba. Uwargida Wasila tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Wannan yaro zai yi ilimi, in dai ba taurin kai irin na kakansa ya ɗauko ba." Kai dai ka tsaya a kan ba ka tambayi kowa ba.

5. Ranar jarrabawa, saje da yara

Rage gemu kaɗan, bar babbar riga a gida, isa da wuri. Yahuza ya isa da wuri, ya tarar manoman fadama sun riga shi. Suna jere a ƙofar makarantar, kowa da mataccen injinsa, wani a amalanke, wani a bayan keke. Wani dattijo mai suna Bobbo ya riƙe masa hannu.

"Sannu da zuwa, Malam Yahuza. Mun ji za ka zo. Tumatir ɗina ya fara sunkuyar da kai, ka taimaka."

"Ina zuwa, Baffa. Akwai wani aiki a ciki tukuna."

"Injin makaranta ne?"

"Kusan haka."

A ciki kuma yara suka miƙe suna gaishe shi, sun ɗauka babban jami'i ne ya zo daga Kaduna. In haka ta same ka, amsa gaisuwa da nutsuwa, sannan ka lallaɓa ka cusa gwiwoyinka ƙarƙashin tebur.

6. Kada ka haɗa ido da mai sa ido

Akan turo su daga wata makaranta, don haka ba wanda zai san ka. Wanda aka turo ranar shi ne Malam Ja'afaru, mijin Lubna.

Yana shigowa da takardu ya hango surukinsa a layin baya, riƙe da rula. Bawan Allah ya tuɓe takalmi, ya tako har gaban teburin, ya durƙusa.

"Baba, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya gida, ya masu jego?"

Yahuza ya amsa wa teburin, "Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Aiki da godiya, Baba."

Yara suka zuba ido. Daga nan har aka tashi, Malam Ja'afaru bai ƙara duban wannan kusurwa ba, Yahuza bai ɗaga kai ba. Ya buɗe takarda, ga lamba tana neman tsallaka alamar daidai. Ya ce min wallahi muryar waccan ya ji a kunnensa, saura kaɗan ya yi gyaran murya. Da lokaci ya cika, Malam Ja'afaru ya juya ya fuskanci allo, ya ce, "Ana roƙon jama'ar ɗakin nan, manya da yara, in Allah ya sa an kammala, a taimaka a ajiye biro." Yahuza ne ya fara ajiyewa, don kada ya wahalar da yaron mutane. Sannan ya fita ya gyara injin Bobbo.

7. In sakamako ya fito, kada ka gode wa kowa

Ai ba wanda ya sani, wa za ka gode wa? Sakamako ya ɗau watanni, Lubna ta daɗe da komawa ɗakinta. Ranar da ta zo ganin gida, Yahuza ya shigo tsakar gida, abin da bai saba yi ba in tana nan. Ya karɓi Ukasha daga hannun Wasila, ya ɗaga shi sama.

"Abokina, ka gaya wa malamarka ɗalibin bayan zana ya ci. Kwaleji sun kira shi gwajin koyarwa." Ya rungume yaron a ƙirji. "Ka ce mata Allah ya yi mata albarka."

Lubna tana durƙushe tana wanke kwano, ta juya masa baya. Ta ce, "Ukasha, ka ce amin." Ta daɗe tana cuɗa kwanon, alhali kwanon ya riga ya fita fes.

Gargaɗi

Ni Mamuda ban taɓa zana jarrabawar nan ba, kuma ba na niyya. Duk wanda ya bi matakaina asirinsa ya tonu daga Likoro har Ikara, kada ya neme ni a bencin mai shayi. Haka kuma wanda ya bi su ya faɗi, laifinsa ne: na ce kada ka tambayi 'yarka, amma ban ce ka zauna nesa da zana ba.