Saƙon Ladi da Ya Faɗa Jakar Baƙuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da mutanen da ke ɗakina ranar nan, har yau ina ganinsu a jere kan tabarma: Hajiya Uwale, uwar yaron da ke neman jikata Asiya, da ƙanwarta Talatu, da wata maƙwabciyarsu mai haƙorin Makka, duk daga Maigatari; sai surukata Maryam, uwar Asiya, tana kai da kawo da kwanuka. Sun zo Gumel ne mu ga juna kafin maza su sa rana.

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. A wayata da hoto nake gane mutane. Ɗana yana tsaye jikin mota, Maryam fure ce, ƙanwata Ladi ta Ɗanzomo kuwa koriyar kubbar Madina ce tun da ta sauke farali. In danna kubba, in yi magana, in saki. Shekara uku ban kuskure ba. Kuma ni ce dai mai tsare 'yan matan gidan nan da faɗa: kada ku sa fuska, kada ku sa rawa, da abin da ke wayarku dangin miji za su fara saninku.

Abin da ba a gaya min ba (kuma har gobe ina riƙe da Maryam a kan wannan) shi ne an sa min lambar Hajiya Uwale a jajibirin zuwansu. Ita ma ta je Makka. Ita ma kubba ta sa. Wai duk hotunan duniya sun ƙare ne?

Tun da matar nan ta zauna idonta bai zauna ba. Ta dubi rufi, ta dubi jeren kwanukana, har ƙarƙashin gado ta leƙa. Raina ya ɓaci. Na ce bari in duba miya, na shige madafa, na danna kubba.

"Ladi, sun iso. Uwar yaron nan sai bincike take min a ɗaki kamar kwastan a bakin boda. Turaren da ta bulbula kuwa ya kori sauron unguwa kaf. Goronsu duk ya yanƙwane. Yaron dai na kirki ne, ban san inda ya gado ba."

Na saki, na gyara mayafi, na dawo da fara'ata. Ina zama jakar Hajiya Uwale ta yi ƙara.

"A'a, Hajiya, har da saƙo kuma muna tare?" in ji ta, tana murmushi. To, irinmu ba ma kara waya a kunne, buɗe murya muke kowa ya ji. Ta buɗe.

Ban taɓa sanin muryata na da kaifi haka ba. Maryam ta daskare da kwano a hannu. Mai haƙorin Makka ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Saƙon bai fi minti ɗaya ba, amma na tsufa a cikinsa.

Hajiya Uwale ta mayar da wayar jaka a hankali. "To, Hajiya, kwastan ta gama bincike. Ɗaki tsaf, ba kayan laifi. Ashe a madafa aka ɓoye shi. Talatu, tashi mu kwashi turarenmu."

Ko tuwon ba su taɓa ba. Asiya ta fito daga ɗakin uwarta ido jajir, ta ce, "Iya, mu kike hanawa, ke kika yi." Na ɗaga hannu zan make ta, sai na rasa dalili. Na huce a kan Ladi, na kira ta na wanke ta tas saboda ita ma ta sa kubba. Baiwar Allah ko abin da ya faru ba ta sani ba.

Washegari da sassafe na tura wayar ƙarƙashin katifa, na sayi sabon goro mai kyau, na shiga motar Maigatari ni kaɗai. Na durƙusa wa matar da na girme da shekara goma. Ta bar ni a ƙasa har gwiwata ta fara ƙara, sannan ta kwashe da dariya, ta ce maza su zo a sa rana. Na gode mata. Da zan fito na juyo.

"Hajiya, alfarma ɗaya. Ki cire kubbar nan ki sa fuskarki. Ni bakina ba zai gyaru ba, gara in riƙa ganin wanda nake yi da shi."