Rasuwar Gwaggo, Motar Surukina

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa tura mu, rasuwar motar gidanmu, wadda yara ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a kan gangaren da ke bayan asibitin ido, bayan doguwar jinyar zafin inji. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne daga hannun surukina, Baba, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota kafin idonsa ya fara hazo. Ranar da ya miƙa mini makulli, ya ce ba ya neman godiya, abu ɗaya kawai yake so: kowace safiya in buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, in leƙa. Na yi alkawari a gaban 'yarsa, mai ɗakina. Na kuma cika shi har tsawon kwana tara.

Gwaggo mai haƙuri ce. Ba ta taɓa raina kaya ba, ta ɗauki katifa, ta ɗauki firji, ta kai mai ɗakina haihuwa sau biyu ba ta mutu a hanya ba. Da safe takan yi tari uku, "kir, kir, kir," kafin ta amsa. Ƙofarta ta baya daga waje kawai ake buɗewa, abin da ya koya wa baƙinmu jira.

Ciwon ajali ya faro ne da allurar da ke nuna zafin inji, wadda ta riƙa hawa ja duk lokacin da muka tsaya a cunkoso. Kallonta na tayar mini da hankali, don haka na manna hoton yara a kanta, na kuwa samu sauƙi sosai.

Ba a bar ta ba magani ba. Makaniken farko ya ce fambel ne, igiyar da ke juya fanka, ya canza. Na biyu ya ce na farkon jahili ne, ya cire wani ɗan ƙarfe mai buɗe wa ruwa hanya, ya ce ai ado ne kawai, ya jefa aljihu. Ƙanin mai ɗakina, wanda ya taɓa kallon ana gyaran janareta, ya fasa ɗanyen ƙwai a cikin lagireton don ya toshe yoyo. Mun yi mako guda muna warin ƙwai. Duk cikinmu babu wanda ya duƙa ya ga tiyon ƙasa da ya tsage, yana ɗiga a tsakar gida, inda kyanwa ta daɗe tana zagaye wurin.

Wanda zai gane ciwon a minti biyu yana nan da ransa, amma ban kai masa ba. Duk lokacin da Baba ya tambayi lafiyarta, nakan ce garau take.

Ranar Laraba na je ɗauko shi daga asibiti, an yi masa aiki, idanu biyu a naɗe da bandeji. Mun fara hawa gangare ke nan ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Gwaggo ta soma wani ƙara, "ƙas, ƙas, ƙas," kamar ana taɓa kwano da cokali. Ya tambaye ni ina allura take, na ce tana nan inda take.

"Malam, tsaya ka kashe ta. Kada ka taɓa komai sai ta huce," in ji shi.

Na tsaya. Tururi ya turnuƙe, mutane suka taru, kowa na faɗin tasa. Kunya ta hana ni tsayawa haka hannu rabbana a gaban surukina. Na karɓi bokitin ruwan ƙanƙara daga wani mai sayar da lemo, na ɗaga bonet, wato murfin inji, na sheƙa mata. Ni malamin kimiyya ne. A zangon da ya wuce na kayar da ɗalibai goma sha ɗaya a jarrabawa a kan abin da ke samun ƙarfe mai zafi idan ruwan sanyi ya taɓa shi.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ɗas." Daga cikin mota Baba ya ce, a hankali, kan inji ne ya tsage, Allah ya ba mu haƙuri. Muka koma gida a tasi, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu, uku daga ciki masu sanƙo, da batir mai sauran kwana, da jarka biyu. Ta bar mai ɗakina, wadda tun ranar take kirana da "Injiniya" a gaban yara. Ta kuma bar makanikai biyu, kowanne na rantsuwa cewa da a wurinsa aka tsaya da tana raye.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Janwe, motar da ke jan matattun motoci, zai ɗauko gawar daga bakin gangare zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a auna ta a kan sikeli. Masu zuwa ta'aziyya su zo da abin hawansu, don gidan ba shi da na ɗauko kowa. Ana roƙon makanikai su zauna nesa da juna.

Jiya aka kwance wa Baba bandeji, yana gani tar. Ya aiko cewa zai halarta, zai zauna gaba, kuma ni zan riƙe sitiyari yayin da janwe ke jan mu. Ya ce yana so, ko sau ɗaya, ya ga tuƙina da idonsa a motar da ba abin da zan iya yi mata.