Mazurarin Gonar Malam Mika'ilu

Shekarar da kuɗin mota ya gagari talaka, taki ya zama abin kallo a kasuwar Bagwai, ruwa ma ya ɗauke da wuri kamar sun haɗa baki. Geron Malam Mika'ilu bai yi abin kirki ba. Gyaɗa kaɗai ta rage wa gidan, ƙasa kuwa sai ƙara ƙeƙashewa take yi a kanta, in aka ƙara jinkiri ganye za a ciro a bar 'ya'yan a binne. To shi Malam yana da doka tun yana da baƙin gemu: ba mai sa fartanya a gyaɗarsa sai shi. Shi zai tona, 'ya'yansa Iliyasu da Sani su biyo baya suna cira suna kakkaɓewa. A da, kafin su ɗaga kai ya yi musu nisa. Bana tsayuwarsu ta fi duƙawarsu yawa.

Ran nan da hantsi ya miƙe dafe da ƙugu, sai ga jikarsa Zulaihatu, 'yar Iliyasu, wadda take karatu a Kano, da ƙwaryar fura a kanta.

"Sannu da aiki, tsoho. Ashe kai ne? Daga nesa na ɗauka mutum-mutumi aka kafa don tsuntsaye."

"Ji min 'yar nema. Ke da kike tafe kamar kazar da ruwa ya doka? Kano ta tsotse ki. Na fasa auren, a dawo min da gorona."

"Goron da sai an goga maka a magogi kafin ka ci?"

Ya karɓi furar yana hararar ta, ya sake yi mata tambayar da ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya: wai me take karantawa ne? An ce masa kasuwanci, amma ko allura bai taɓa ganin ta sayar ba. Ta ce bana suna koyon tsara aikin masana'anta ne da sa ido a kansa, me za a fara, me zai biyo, wa zai tsaya ina. Ya tambaya me suke ƙerawa, ta ce ba komai. Me suke sayarwa, ta ce ba komai. Kansa ya ƙara ɗaurewa.

"Wato ku tsaya kuna kallon masu aiki? Ashe wannan ma sai an je makaranta? Ga Sani nan, kyauta ya haddace shi."

Sani ya kawar da kai yana kallon gajimaren da babu shi. Zulaihatu ta ce malaminsu ne ya ce kowa ya je inda ake aiki ya gano wurin da aikin yake cushewa, ita kuwa ta zaɓi gonar nan. Malam ya ce gonarsa ba ta da cuta, ta je ta duba ta maƙwabta. Ta ce ta duba, su sun gama har sun shanya.

"Ka san mazurari? Ko tulu guda ka juye masa, abin da bakinsa ya bari shi zai wuce. Kowane aiki da mazurarinsa. Na gonar nan nake nema."

Malam ya leƙa ƙwaryar fura, ya leƙa ƙarƙashin tsamiya, shi dai bai ga mazurari ba. Da ya fahimci mai laifi ake nema, sai ya gyara tsayuwa, don masu laifi yana da su da yawa. Ya ce Muntaka maƙeri ne, ƙarfen bana ba ya ci. Ta shafa bakin fartanyar ta ce wannan ko aski za ta yi. Ya ce jaki ne. Ta nuna jakin yana gyangyaɗi, tun safe ba a tara masa kaya ba. Ya ce to Sani ne, ko ba a bincika ba.

"Baba Sani me yake jira?"

"A tona masa mana."

"Babana fa?"

"Shi ma haka. Ke karatun nan ya toshe miki kai ne?"

"To wa yake tonawa?"

Ya waiwaya ya ga ƙarti biyu tsaye, kowa da furfura a gemu, ba mai son haɗa ido da shi. Ya dubi gaba ya ga sauran gyaɗar shimfiɗe har iyakar gona.

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji shi.

"Ƙarasa mana, tsoho. Rabi ka saya?"

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"A cokali ake shan ta, ban taɓa jin an yi tono da ita ba."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Sai a lokacin ya gane me ya sa furar da ake aikowa da azahar ta zo da hantsi. Ɗa ba ya duban ubansa ya ce ƙarfinka ya ƙare. Wannan magana jika kaɗai aka yarje wa, ita ma sai ta naɗe ta a cikin wasa.

"Wa ya aiko ki, malamin Kano ko waɗannan na bayana?"

"Duka, Kaka."

Tunda ta iya magana ba ta taɓa ce masa Kaka ba sai in tana kuka. Ya ce, a hankali, su saurin tsiya gare su, za su sassare masa 'ya'yan gyaɗa. Ta ce shi ya sa karatun ya kasu biyu, bayan tsarawa akwai sa ido. Su wuce gaba su tona, shi ya biyo baya, duk wanda ya sare ko ya bar ƙwaya a ƙasa ya wanke shi tas.

"Faɗa ma aiki ne a Kano?"

"Babban aiki. Mai yin sa ya fi kowa kujera mai laushi."

"To ni na daɗe da zama farfesa ban sani ba."

Wannan karon dariyar ta fito, har da tari. Ya juya fartanyar a hannunsa, ya shafa ƙotar inda tafinsa ya cinye ta ta yi santsi, sannan ya miƙa wa Zulaihatu.

"Ungo sadakinki, ja'ira. Kai wa ubanki. Ki ce masa ya kama ta daga ƙasa, ta fi jin magana."